SAYEN TURAREN MAI: A BI ƘAMSHI HAR GINDINSA KAFIN A BIYA KUƊI

Duk ɗan Arewa da ya yi 'yan shekaru a Kurmi ya san wannan al'amari. Da an idar da sallar Juma'a a Agege ko Idi-Araba a Ikko, ko a Sabo ta Badun, ko a Sabo ta Shagamu, sai a tarar masu turare sun jera akwatunansu a ƙofar masallaci, 'yan kwalabe birjik, wannan ja, wannan ruwan zuma, wancan fari kamar madara. Mai turare ya dangwala wa mutum a bayan hannu, ƙamshi ya bugi hanci, nan take a yi ciniki a biya. Kafin mai saye ya kai masaukinsa, ko dai ƙamshin ya gudu ɗungum, ko kuwa ya juye ya zama wani abu dabam mai hawa kai.

In kwalba guda ce ta shafawar Juma'a, to, asarar da sauƙi. Amma fa akwai wanda ya yi shekara biyu yana tara kuɗin dako ko na gadi don ya haɗa lefe ya aika gida, kuma turare na cikin abin da dangin amarya za su fara buɗewa. Akwai kuma samari da yawa waɗanda jarinsu kaf yana cikin akwatin turaren da suke yawo da shi a kasuwannin Kudu, in suka saro marar kyau sau ɗaya, masu saye sun guje su ke nan. Saboda irin waɗannan mutane ya kamata a san cewa ƙamshin da ke cikin kwalba hawa-hawa ne, kuma wanda hanci ke fara ji shi ne wanda ke fara tafiya. Wannan ilmi kuwa tsoho ne a arewacin Jihar Yobe, wajen Machina da Nguru da Gashuwa, inda mata ba sa yanke wa turare hukunci sai ya kwana a jikin tufa.

ƘASAR DA TA SAN ƘAMSHI

Machina tsohon gari ne mai sarauta, yana can ƙuryar arewa maso yammacin Jihar Yobe, daf da iyakar Jamhuriyar Nijar, cikin ƙasar Mangawa. Nguru na kusa da ita, Gashuwa kuwa, hedkwatar masarautar Bade, tana gabas da Nguru a bakin kogin Yobe. Dukansu suna cikin Jihar Barno har zuwa 1991, lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Yobe, don haka al'adun Barno na ƙamshi sun zauna daram a gidajensu.

Garuruwan nan suna kan tsohuwar hanyar fatake da ta haɗa Kano da Kukawa. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus mai yawon duniya, Heinrich Barth, ya biyo wannan hanya a 1851, ya kuwa ratsa ta Machina bayan ya baro Gumel. A cikin abin da ya rubuta game da kasuwar Kano, ya ambaci lubban da jawul da kanumfari da man wardi cikin kayan da ayarin raƙuma ke kawowa daga ƙetaren hamada, ya nuna kuma man wardi kayan sarakuna ne da manyan mutane saboda tsadarsa. Daga gabas kuma alhazai masu tafiyar ƙasa ta Sudan sun riƙa komowa da itacen sandal da farce da dabarun haɗa humra.

Da hanyar jirgin ƙasa ta iso Nguru daga Kano a 1930, sai ciniki ya juya fuska zuwa bakin teku. Gyaɗa da fatu da ƙaro da shanu suka riƙa gangarawa Ikko, kwalaben turaren kamfani kuma suka riƙa hawowa. Mafi shahara cikinsu shi ne Bint El Sudan, wanda jama'a ke kira Bintu Sudan. Wani kamfanin birnin Landan mai suna W. J. Bush ne ya fito da shi a 1920, turaren mai ne ba giya a cikinsa, daga baya kuma aka koma ɗura shi a Kano. Ta haka kayan gida da na waje suka gauraya a hannun matan wannan yanki, har suka zama gwanaye wajen rarrabe turaren da ke zama da wanda ke gudu.

HAWA UKU NA ƘAMSHI

Dalilin da ya sa turare ke sauya ƙamshi a jiki ba boyayye ba ne. A zuba ɗigon fetur da ɗigon kananzir da ɗigon manja a kan siminti. Fetur zai bushe nan da nan, kananzir ya ɗan jima, manja kuwa ya kwana yana nan. Haka man ƙamshi yake. Kowane turare haɗi ne na mayuka iri-iri, waɗansu marasa nauyi masu saurin bin iska, waɗansu matsakaita, waɗansu masu nauyi. Hanci ba ya jin abu sai ya tashi ya bi iska, saboda haka marasa nauyin ne ke fara isowa, su ne kuma ke fara ƙarewa.

Masana turare sun kasa wannan hawa uku. Wani Bature mai haɗa turare a Landan, Septimus Piesse, shi ne a tsakiyar ƙarni na 19 ya kwatanta ƙamshi da muryoyin kiɗa, akwai na sama, akwai na ƙasa, kuma da wannan kwatance Turawa suke magana har yau. A Hausa ya fi sauƙi a kira su kai, da ciki, da gindi.

Kan turare shi ne abin da ake ji da an buɗe kwalba. Yana da kaifi da sanyi, yakan fito ne daga ɓawon lemun tsami da na lemun zaƙi, da na'a-na'a, da ciyawa mai ƙamshin lemo irin su nobe. Daga minti biyar zuwa rabin sa'a ya tafi. Aikinsa shi ne sallama, kuma shi ne ke sayar da kwalba a ƙofar masallaci.

Cikin turare shi ke bayyana in kan ya lafa. Nan ne furanni da kayan yaji suke: wardi, yasmin, furen lalle, kanumfari, kirfa, gyaɗar ƙamshi. Yakan yi sa'a biyu zuwa huɗu. Shi ne ƙamshin da wanda ke kusa da mutum a sahu ko a cikin mota zai ji, kuma da shi ake sanin halin turare, ko na fure ne mai taushi, ko na yaji mai ɗumi.

Gindin turare shi ne mai nauyi, wanda ya fito daga itace da saiwa da ƙaro da jikin dabba: sandal, udu, jema, kajiji, lubban, almiski, ambar, farce. Yakan wuni a fata, a tufa kuwa yakan yi kwanaki. Ban da ƙamshinsa na kansa, yana kuma riƙe sauran mayukan don kada su yi saurin tashi. Turaren da ba shi da gindi mai kyau, komai daɗinsa a farko, ba zai kai mutum La'asar ba. Kuma kuɗin turare mafi yawa a gindin yake, gama nan ne kayan tsada suke, nan ne kuma mai algus ke yin ƙwange, don ya san mai saye ba zai tsaya ya jira ba.

Akwai bambanci kuma tsakanin turaren mai da na fesawa. Na fesawa an narka shi ne a cikin sinadarin giya, wanda ke tashi da sauri ya kwashi kan turaren ya watsa cikin ɗaki. Turaren mai ba ya yin wannan tsalle. Yana buɗewa sannu a hankali da ɗumin jiki, yana zama kusa da fata, hawan nasa uku kuma suna shiga juna. Wanda ya saba da na fesawa yakan zaci na mai ba shi da ƙarfi, alhali kuwa jinkiri ne ɗabi'arsa. Musulmi da yawa sun fi natsuwa da na mai saboda rashin giyar, musamman ranar Juma'a da ranakun Idi da shafa turare yake sunna.

ABIN DA MATAN GIDA SUKA RIGA SUKA SANI

Wanda ya taɓa ganin yadda ake haɗa humra a Nguru ko Gashuwa ya ga wannan ilmi a aikace. Humra da turaren wuta, wanda Barebari ke kira ka'aji, sana'a ce da matan Barebari da na Shuwa suka yi fice a kanta, ta kuma bazu ga Mangawa da Badawa da Hausawa da Fulanin yankin. Mai haɗa humra daga gindi take farawa.

Farko tana neman farce. Wannan farce murfin bakin wani irin katantanwar teku ne da ake samu a Bahar Maliya da tekunan gabas, kamanninsa da farcen mutum ya sa aka ba shi sunan. Ɗanyensa ƙarni gare shi, sai an jiƙa, an kankare, an wanke sau da yawa, an soya, sa'an nan a daka. Shi kaɗai ba wanda zai shafa shi, amma shi ke kama ƙamshi ya riƙe. Ana haɗa shi da garin sandal da kanumfari da almiski, waɗansu su turara haɗin da hayaƙin itace mai ƙamshi, kana a zuba mayukan turare da turarukan ruwa a kai, a toshe kwalba a ajiye. Ba a taɓa ta sai ta yi makonni, gama sabuwar humra kaifi gare ta, sai ta kwanta kayan cikinta suke sajewa. Ya kamata mai saye ya sani cewa sau da yawa akan sa turaren kamfani mai giya a cikin humra, don haka wanda ke gudun wannan sai ya tambaya.

Biyu daga kayan gindin ma a gida suke tsirowa. Kajiji saiwar wata ciyawa ce mai fitowa a fadama da bakin tafki, irin dausayin da ya shimfiɗu tsakanin Haɗejiya da Nguru, ana shanya ta a daka a sa a turaren wuta. Jema kuwa, wadda ake saƙa zana da ita, saiwarta ce mai ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari, har akan jefa ta a randa don ruwan sha ya yi daɗi. 'Yar'uwar wannan jema ce ake nomawa a Haiti da Indiya da Indunusiya, ana tatsar manta ana sayar wa manyan kamfanonin turare na Faransa. Haka kuma itacen hano, wanda waɗansu ke kira ararraɓi, dangin itacen lubban ne na ƙasashen Oman da Somaliya.

To, in lefe ya iso irin wannan gida, gwaggo ko inna ba ta tsayawa ga sunan da ke jikin kwalba. Takan ɗiga a gefen mayafi, ta rataye, ta ci gaba da hidimarta. Washegari ta ɗauko ta sansana. In akwai abin da ya rage mai daɗi, turare ne. In ba kome, ko kuwa sai gafi irin na tsohon mai, to, an cuci ango, kuma maganar za ta zaga dangi kafin ya sauka daga mota.

NA ASALI DA NA HAƊI

Kalmar "na asali" ta yi araha a bakin 'yan kasuwa, don haka yana da kyau a san abin da ake nufi da ita. Man turare na asali shi ne wanda aka tatso daga fure ko itace ko saiwa, galibi ta hanyar dafawa a tara tururin. Sana'a ce daɗaɗɗiya. Malamin nan na Bagadaza, Al-Kindi, ya rubuta littafi a kanta tun ƙarni na 9, da hanyoyin haɗi fiye da 100. A garin Kannauj na Indiya har yanzu ana dafa furanni a tukwanen tagulla, tururin ya bi ta gora ya sauka cikin man sandal, watau fure ya zama ciki, sandal ya zama gindi. A Ɗa'ifa ta ƙasar Saudiyya ma ana tatsar wardi a kowace shekara wajen watannin Maris da Afrilu.

Irin wannan mai ba ya araha, ga kuwa dalili. Kafin a sami kilo ɗaya na man wardi sai an dafa fure wajen kilo 3,000 zuwa 4,000. Itacen sandal, wanda mafi shahararsa na yankin Mysore ne a Indiya, sai ya shekara 15 ko fiye kafin zuciyarsa ta yi man kirki, kuma ƙarancinsa ya sa yanzu ake noma shi a Ostareliya. Udu kuwa ba kowane itace ke yinsa ba. Itacen yana fitowa a Assam ta Indiya da Kambodiya da Biyetnam da maƙwabtansu, kuma sai ya ji rauni wata cuta ta shige shi sa'an nan yake fid da baƙin ƙaro mai ƙamshi don kare kansa. Saran da aka yi wa dazuzzukansa ya sa tun 1995 aka fara sa shi ƙarƙashin yarjejeniyar duniya mai ƙayyade cinikin itatuwa da dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu.

Almiski na ainihi daga jikin namijin wata 'yar barewa yake fitowa, mai zama a duwatsun Himalaya da Sin da Saibiriya. Abin da ake samu a jikin guda ɗaya bai wuce giram 25 ko kusa da haka ba, launinsa baƙi-baƙi ne, cinikinsa kuma yana ƙarƙashin waccan yarjejeniya. Tun 1888 wani masanin kimiyya mai suna Albert Baur ya gano almiskin haɗi, kuma kusan duk almiskin da ke kasuwa yau na haɗi ne. Farin miskin nan mai kauri da mata ke so, a ma'aikata aka yi shi. Ambar na ainihi daga cikin wata babbar dabbar teku yake fitowa, ana tsintarsa a gaɓa, shi ma yanzu madadinsa ake amfani da shi. A ƙasar Hausa da can akan kiwata tunkun juda don turaren jikinsa, amma wannan sana'a yanzu an fi saninta a Habasha.

Akwai kuma ƙamshin da ba a tatsar mansa sam. Duk turaren mai da aka ce na kankana ne, ko tuffa, ko alawa, haɗin ma'aikata ne. Haka nan mayukan da ake sa wa sunayen shahararrun turarukan fesawa na Turai, kwaikwayo ne da aka narka a wani ruwa mai kauri marar ƙamshi.

Wannan ba ya nufin na haɗi abin ƙi ne. Da yawa cikinsu suna da daɗi, suna daɗewa, kuma su ne daidai aljihun talaka. Laifin yana wajen sayar da na haɗi da sunan na asali, a kuma karɓi kuɗin na asali. In aka ce ga udu tsantsa ko almiskin barewa a farashin kwanon abinci, to, araha ba ta ado, sai mai saye ya san abin da ya saya.

YADDA AKE GWADAWA

Hanya ta farko ita ce haƙuri. Kada a sansana bakin kwalba, gama kan turare ne kawai ke taruwa a wurin. A sa ɗigo guda a cikin wuyan hannu inda fata take da tsabta, ba sabulu mai ƙamshi, ba wani turare. Kada a murza da ƙarfi. A sansana bayan minti biyu, a sake bayan rabin sa'a, a sake kuma bayan sa'a uku ko huɗu. Wanda ya dangwala bayan sallar Juma'a, ya ji shi da La'asar, ya sake ji da Isha'i, ya san turaren daga kai har gindi. In ya gamsu sai ya komo ya saya. Mai turaren kirki ba ya tsoron a tafi a dawo.

Na biyu, kada a gwada fiye da iri uku a zama ɗaya. Hanci yana gajiya, in ya cika sai kome ya zama iri ɗaya. In hakan ta faru sai a fita a shaƙi iska, ko a sansana hannun rigar da ba turare. Wannan gajiyar hanci ce kuma ke sa mutum ya daina jin turaren jikinsa ya yi ta ƙarawa, alhali na kusa da shi sun ƙosa. Kafin a ce turare ya gudu, a tambayi wani.

Na uku, gwajin takarda. A ɗiga a farar takarda a ajiye a inuwa har kwana guda. Mayuka marasa nauyi irin na lemo da na'a-na'a, in tsantsa ne, sukan bushe ba su bar maiƙo ba. In tabon maiƙo ya zauna ya yi faɗi kamar na ƙosai, ƙamshi kuwa ya tafi, to, an sirka da man da ba na turare ba. Sai dai a lura, sandal da udu da jema masu kauri ne da ma, sukan bar alama, amma alamarsu tana tare da ƙamshinta.

Na huɗu, a san ma'auni. Turaren mai da tola ake auna shi, tola guda kuwa giram 11 ne da 'yan kai, kuma a kasuwa kwalbar mililita 12 ake kira tola. Rabin tola mililita 6 ne, kwata kuma 3. Waɗansu kwalabe gindinsu kauri gare shi, ido ya ga babba, ciki kuwa kaɗan. Wanda bai san turare ba ya fara da kwata.

Na biyar, a yi tambaya. Mene ne gindinsa? Daga ina ya zo? An sirka, da me? Ɗan kasuwar da ya san kayansa zai amsa ba tare da fushi ba.

IKKO BA MACHINA BA CE

Sau da yawa mutum yakan sayo turare a gida ya ji daɗinsa, ya zo Kudu ya ga kamar an musanya masa. Ba a musanya ba, iska ce ta bambanta. Machina da Nguru da Gashuwa ƙasar rairayi ce, damina ba ta wuce wata uku zuwa huɗu, sauran shekara iska busasshiya ce. Busasshiyar fata ba ta riƙe ƙamshi, musamman da hunturu, shi ya sa mutanen can suke son mai nauyi, suna kuma turara tufafi da hayaƙi don ƙamshin ya kama zare. Wanda zai shafa turare a irin wannan yanayi, in ya fara shafa ɗan man kaɗanya ko wani mai marar ƙamshi, turaren zai fi jimawa.

A Ikko da Fatakwal da Kalaba kuwa iska jiƙe take, ga zafi ga gumi. A nan ƙamshi mai nauyi yakan ninka ƙarfinsa, in ya haɗu da gumi cikin cunkoson mota sai ya zama abin damuwa ga jama'a. Udun da ya yi daidai da daren sanyi a Gashuwa yana iya sa wa fasinja ciwon kai a kan gadar Ikko. Mazaunin Kudu zai fi jin daɗin turare mai kan lemo, da cikin fure, da gindin sandal ko jema, ɗigo ɗaya ko biyu. Masu nauyin a bar su sai dare, ko biki, ko lokacin tafiya gida. Wanda kuma zai aika da tsaraba Arewa sai ya juya lissafin, ya zaɓi mai gindi sosai, don abin da ya ji ya isa a Ikko ba lalle ya kai azahar a Machina ba.

Fata ma ta bambanta. Turare guda yana iya yin zaƙi a jikin wani ya yi tsami a jikin wani, saboda maiƙon fata da gumi ba ɗaya ba ne. Don haka jin ƙamshi a jikin aboki bai isa dalilin saye ba, sai mutum ya gwada a nasa.

LAFIYAR JIKI DA AJIYA

Kasancewar mai na asali bai hana shi cutarwa ba. Man kanumfari da na kirfa, in tsantsa ne, suna ƙona fata. Man ɓawon waɗansu lemuka kuwa, in aka shafa aka shiga rana, yakan bar baƙin tabo mai wuyar gogewa. Sabon turare a fara gwada shi a cikin gwiwar hannu a bar shi kwana ɗaya ko biyu, in wurin ya yi ja ko ƙaiƙayi sai a haƙura da shi. Kada a shafa wa jariri a fata, kada kuma a cika hayaƙin turaren wuta a rufaffen ɗaki inda mai asma ko jinjiri yake, balle a irin ƙananan ɗakunan haya na Kudu. Likitoci suna kuma gargaɗin mata game da sanya miski ko wani turare a cikin al'aura, gama yana iya jawo ƙaiƙayi da ciwon sanyi. Wurin turare fata ce ta waje da tufa.

Wajen ajiya, maƙiyan turare uku ne: rana, zafi, da iska. A toshe kwalba sosai a sa a akwati ko cikin tufafi, ba a kan taga ko gaban mota ba. Mayukan lemo sukan lalace cikin shekara ɗaya ko biyu, amma sandal da udu ƙara kyau suke yi in sun tsufa. Masu talla da ke baje kwalabe a rana tun safe har yamma suna kashe kan turarensu da hannunsu. Gara a baje 'yan kwalaben gwaji, sauran kaya su zauna a inuwa.

GA MAI LEFE DA MAI TALLA

Mai haɗa lefe ya tuna cewa ba yawan kwalabe ake dubawa ba a gidan da aka san ƙamshi. Tola biyu ko uku masu gindi sun fi dozin guda na masu gudu. In hali ya yi, ya sayi mayukan a nan ya aika wa wata 'yar'uwa a Nguru ko Gashuwa da kuɗin farce da sandal, a haɗa humra da turaren wuta a can tun da sauran wata biyu ko uku, don su sami lokacin kwanciya. In kuwa a nan zai saya duka, to, ya tafi da wanda ya sani, ya kuma gwada a ƙyalle ya kwana.

Mai talla kuma jarinsa na gaskiya shi ne amana. Kafin ya sari lita, ya karɓi kwata ya gwada kwana biyu a jikinsa da a takarda. Ya koyi faɗa wa mai saye gaskiya: wannan na haɗi ne amma yana wuni, wannan mai sanyi ne sa'a uku yake yi, wannan kuwa sai an jira shi. Ya rubuta wa kowace kwalba kanta da cikinta da gindinta, don in mai saye ya ce yana son mai taushi ko mai ɗumi ya san inda zai miƙa hannu. Wanda aka gaya wa gaskiya yau, shi ne zai kawo abokinsa Juma'a mai zuwa, a baƙon wuri kuwa ba abin da ya fi wannan riba.

Allah ya sa albarka a nema, ya kuma mai da kowa gida lafiya.